IDAN SILINDA ƊAYA TA FI 'YAR'UWARTA ZAFI

Tsofaffin babura masu silinda biyu, irin su Honda CD175 da CD200 Roadmaster, waɗanda ma'aikata da malaman makaranta suka yi yayinsu a shekarun 1970 da 1980, har yanzu akwai masu riƙe da su a garuruwanmu. Wata matsala da kan dami masu su ita ce, bayan 'yar tafiya sai a ji gefe ɗaya na injin ya yi zafi ƙwarai, ɗaya gefen kuwa ɗumi kawai. Wanda ya yi sakaci da wannan alama yana iya ƙona bawul ko fistin ya cije, ga shi kuwa kayan gyaran waɗannan babura sun yi wuyar samu.

Abu na farko da ƙwararren bakanike kan lura da shi, shi ne ba kullum gefen da ya fi zafi ne mai ciwo ba. Sau da yawa gefen mai sanyi ne ba ya cin wuta sosai, sai ɗan'uwansa ya ɗauki nauyin aikin shi kaɗai.

Don haka sai ya kwance fulogi biyun ya gwama su. Launin ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce. Fari fat yana nuna iska ta rinjayi fetur, wanda ke haddasa zafi. Baƙin toka yana nuna fetur ba ya ƙonewa duka, jiƙewa da baƙin mai kuwa yakan nuna zoben fistin ya cinye. Daga nan sai ya musanya fulogin. In ciwon ya koma ɗaya gefen, to, fulogi ne mai laifi.

Tun da yake kafureto ɗaya ne ke ciyar da silindar biyu a waɗannan babura, da wuya laifin ya zama nasa. Inda ake dubawa shi ne mahaɗar da ke tsakaninsa da kan injin, domin tsagewar gaskit a gefe ɗaya takan shigar da iska. A CB175 da CB200 kuwa, masu kafureto biyu, wajibi ne a daidaita su.

Sai kuma tazarar tafet, wadda a CD175 milimita 0.05 ce, ana aunawa injin yana da sanyi. In ta matse, bawul ba zai rufe sosai ba, zafinsa ba zai wuce zuwa kan injin ba, har ya ƙone. Bayan haka sai a auna matsin iskar kowace silinda. Bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 yana bukatar buɗe injin.

Har ila yau, iska ce ke sanyaya irin wannan inji, saboda haka laka da ƙura da suka toshe tsagogin jikin silinda sukan riƙe zafi. Wanke su ba ya cin ko kwabo, kuma da shi ya kamata mai babur ya fara kafin ya nufi wurin bakanike.