Injiniyan Sauti, Tafintan Talabijin da Amfilifaya

Kafin ka ga shagon za ka ji shi. Wata sifika na gurnani a bakin ƙofa, yaron shago kuma na busa makirfo yana cewa "ɗaya, biyu, ɗaya, biyu". In ka leƙa ciki ƙaurin dalma ne zai tarbe ka. A kan tebur ga amfilifaya an kware mata ciki, ga mita mai wayoyi ja da baƙi, ga ƙarfen liƙi yana hayaƙi, ga sukurori cike da gwangwanin madara. Mai shagon kuwa kowa Injiniya yake ce masa, ko ya taka jami'a ko bai taka ba. A Kano akwai ire-irensa a kasuwar Sabon Gari da kewayenta da cikin unguwanni, kuma yawancinsu a hannun wani oga suka koya, tun daga haska fitila da miƙa sukundireba har suka kai ga buɗe nasu.

Su ne masu gyaran rediyo da rikoda na jiya. Su suka ɗaura lasifikokin masallatai da Islamiyyu, su ke haɗa sautin gidajen kallon ƙwallo. A 'yan shekarun nan wani aiki ya ƙaru musu, kuma sabon talabijin ne ya kawo shi. Magidanci ya sayi filasma ya kafa a bango, hoto tar, amma muryar siririya kamar ta sauro, domin jikin ya yi sirantar da ba wurin sifika ta kirki. Sai ya waiwayi tsohuwar amfilifayarsa, Kenwood ko Pioneer ko Technics, ya ɗauko wayar nan mai kai biyu, ja da fari, ya leƙa bayan talabijin, ya tarar babu inda murya za ta fito ta bi ta. Abin da ke nan wani ɗan rami ne da jar wuta ke haskawa a ciki. Kashegari sai ga shi a shago: "Injiniya, hoto lafiya lau, amma ya ƙi magana da amfilifaya."

Ba yarensu ɗaya ba, shi ne matsalar. Sifika ba ta san komai ba sai wuta mai kai da komowa: wutar ta bi ta koyil, koyil ya motsa a tsakiyar maganaɗisu, takardar sifika ta girgiza iska, kunne ya ji. Amfilifayar da ma wannan yaren take ji. Talabijin na yanzu kuwa da lambobi yake magana. A faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a 1982, ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, a rubuta kowane awo da lamba ɗaya daga cikin matakai 65,536. A fim da talabijin an fi yin awo 48,000. Ramin nan mai jar wuta, ƙirƙirar kamfanin Toshiba, lambobin yake turowa ta hanyar haske. Don haka sai an sami tafinta a tsakani, mai karanta lamba ya mai da ita wuta. A littafi DAC ne sunansa, a kasuwa kuwa kanbata aka fi cewa. 'Yar akwati ce da ba ta cika tafin hannu ba, kuma akwai irinta a cikin kowace wayar hannu da kwamfuta.

Kanbata da wayoyi da ƙananan kayan gyara yawanci daga Sin suke zuwa, su sauka Legas, su ratsa kasuwar Alaba, a lodo su Arewa. Amfilifaya kuwa da yawa daga cikin masu ƙarko 'yan Beljiyam ne, na hannu. A nan idon Injiniya ke fara aiki. Kafin ya jona komai sai ya juya bayanta ya karanta: wutarmu tana wajen 230, ta Amurka 120, ta Japan 100, in aka yi gaggawa taransifoma ce za ta ƙone tun kafin a ji ko da tari. Yakan ɗaga ta ya ji nauyinta, don a tsofaffin nan nauyi alama ce ta babbar taransifoma. Lambar dubban wat da ake mannawa a kwalin sababbin kaya kuwa murmushi kawai take sa shi. Ya san ba da ita ake aiki ba, kuma ya san sai an ninka ƙarfin amfilifaya kusan sau 10 kafin kunne ya ji kamar murya ta ninka sau biyu.

In mai aikin ba shi da sifiku, a nan ake ƙera masa. Injiniya ya ba kafinta awo, a yanka katako mai kauri, a haɗa da gam da sukurori, a shimfiɗa soso a ciki, a lulluɓe da kafet. Ko'ina sai an toshe, domin in iska ta sami kafa a mahaɗa, shewa akwatin zai riƙa yi maimakon gurnani. A ɗaura wufa mai ɗaukar babbar murya, a ɗaura tuwita mai ɗaukar siririya, a sa mata kafasita don ta tare nauyin da ba za ta iya ba. Akwai kuma lissafi: sifika biyu masu om 8 in aka jera su a baki ɗaya sun koma om 4, guda huɗu sun koma om 2, kuma amfilifayar gida ba ta jure wannan. Za ta yi zafi, ta yanke, wata rana ta tafi gaba ɗaya.

Ranar haɗawa, abin da yake fara yi in ya shiga falo shi ne ya murɗe muryar amfilifaya har ƙasa. Sannan ya cire 'yar hular roba da ke bakin wayar haske, ya tura ta a ramin har ta yi ƙas, ya duba ɗaya bakin ya ga jan haske ya iso. Ba a lanƙwasa wayar nan da ƙarfi, in ta karye a ciki ba za a gani ba. Kanbata na cin wuta bolt 5, daga ramin USB na talabijin ko daga caja, kuma caja mara kyau kan zuba ƙara a cikin murya. Daga kanbata wayar ja da fari ta tafi ramin AUX ko na CD. Ba ta shiga ramin garmaho ko na makirfo, domin waɗannan an yi su ne don sauti mai rauni ƙwarai, in aka ɗura musu mai ƙarfi sai ya fashe. Wayoyin sifika ja ya bi ja, baƙi ya bi baƙi. In aka juya guda, sifikun za su riƙa ja-in-ja, babbar murya ta ɓace.

Saura abu guda, wanda ya sa mutane da yawa suka mai da kanbata kasuwa suna cewa jabu ce. Injiniya ya karɓi rimot, ya shiga saitin sauti, ya sauya shi zuwa PCM. Ƙaramar kanbata ba ta karanta Dolby; in aka turo mata shi, ko dai shiru, ko wani shuuu mai tsaga kunne. Minti ɗaya ne aikin, amma sanin wurin shi ne sana'ar.

Sai maganar murya, wadda ita ce zuciyar aikin. A yawancin talabijin ramin haske a cike yake fitar da sauti, rimot ba ya rage shi, shi ya sa aka fara da murɗe amfilifaya. Injiniya yakan bayyana wa maigida tun kafin ya yi ƙorafi: daga yau famfon murya ɗaya ne, kuma a jikin amfilifaya yake. In lallai ana son rimot, sai a nemi kanbata mai nata rimot, ko wadda ke bi ta ramin HDMI mai alamar ARC. In kuma daga waya ko kwamfuta ake kunnawa, sai a ɗaga muryarsu kusa da ƙarshe, a riƙa ragewa a amfilifaya. Wanda ya yi akasin haka, ya rage a waya ya buɗe amfilifaya, ƙarar injin yake ƙarawa tare da muryar, kuma ranar da wani yaro ya ɗaga ta waya, falon zai amsa.

Daga nan ya sa abin da kunnensa ya saba da shi, karatu ko labarai ko kiɗa, ya riƙa murɗawa a hankali, kansa a karkace. Akan ce gani ya kori ji, amma a wannan sana'a ji ne alƙali. Akwai wani mataki da muryar ke fara kaushi, kalmomi su fara tsagewa. Amfilifaya ce ta kai maƙura tana gutsure kan sautin, kuma wannan gutsurarren sauti shi ke gasa siririn koyil ɗin tuwita. Shi ya sa ƙaramar amfilifaya da aka matsa wa kan ƙona sifikar da babba ba ta ƙona ba. Injiniya ya dawo baya kaɗan, ya ɗiga farin fenti a wurin, ya ce, "Alhaji, kada ta wuce nan." Iyakar ba ta kaya kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na iya jin sauti mai ƙarfin desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, yaro kuwa desibel 75, kuma da zarar an ɗaga lokacin ke raguwa da sauri. Bayan bango kuma akwai maƙwabci, shi ma da nasa haƙƙin.

Ta ƙofa uku kuɗi ke shigo masa: 'yar riba a kan kaya, kuɗin aiki, da gyara. Ribar kanbata ba ta taka kara ta karya ba, don kowa na iya tambayar farashi a shago na gaba. Kuɗin aiki kuwa da ciniki ake karɓarsa, saboda mai gida ya ga minti 20 kawai aka yi, bai ga shekarun koyo ba. Gyara ne ke riƙe shago: naɗa sabon koyil da wayar tagulla siririya kamar gashi, canza taransista, wanke maɓallin murya da ƙurar hunturu ta sa yake ƙarƙara. Daga ciki ake fitar da haya, da na abincin yara, da na fetur.

Wahalar ma ba ta ɓuya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki Naira a watan Yuni, tada janareta don a ɗumama ƙarfen liƙi ya zama abin lissafi, kuma abin da ya sayar yau ba lallai kuɗinsa ya sayo madadinsa gobe ba. Wuta ta kawo da ƙarfi ta ƙona kaya, mai kaya ya ce aikin Injiniya ne. Wani ya kawo gyara ya ce "sai na dawo", shekara ta zagayo kayansa na cin wuri. Ga ƙananan sifikun bulutut masu araha, waɗanda in sun lalace ba a kawo su gyara. Ga kunnensa, jarinsa na gaskiya, yana shan ƙara daga safe har magariba.

Akwai kuma jarrabawar da ba mai gani. Mutumin da ya zo da kukan talabijin ya ƙi magana, da za a ce masa amfilifayarsa ta tsufa, zai yarda, ya sayi sabon saiti, ribar ta fi ta kanbata nesa ba kusa ba. Injiniya na kirki yakan miƙa masa 'yar akwatin ya ce da sauranta, da tsohuwar zuma ake magani. Da dare maigida ya zauna, murya ƙasa da ɗigon fenti, yana jin kowace kalma ta mai karanta labarai, jariri na barci a ɗaki. In baƙo ya tambayi wanda ya haɗa, sai a kwatanta masa shagon.