Yayin ƙaramar kyamara ya iso Araba, amma ƙurar hunturu ba ta san yayi ba

A Sallar layyar da ta wuce, ƙanwata ta ba ni mamaki. Muna tsaye ƙofar gida a Araba, kowa ya ɗaga waya zai yi selfi, ita kuma sai ta zaro wata 'yar kyamara mai ruwan azurfa daga jaka, girmanta bai wuce sabulun wanka ba. Ta kawunmu ce, daga Makka ya zo da ita a aikin Hajjin 2008, ta yi shekaru a ƙasan akwati. Na yi mata dariya. Da daddare da ta tura hotunan a gurup ɗin gida na WhatsApp, ni ne na fara roƙon ta ara mini.

In kana hawa TikTok ko Instagram ka san abin da nake nufi. Hotunan nan masu hasken filasha fau a fuska, baya ya yi duhu, kwanan wata a gefe da rubutu ruwan lemo. Matasan Amurka da Ingila da Japan ne suka tono kyamarorin iyayensu, irin su Canon IXUS da PowerShot, Sony Cyber-shot, Nikon Coolpix, suka mayar da su kayan gayu. Abin dariyar shi ne wayar da ta kashe kasuwar kyamarar ita ce take tallata ta yanzu. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori sama da miliyan 120 a shekara guda. Zuwa 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba. Yawancin ƙananan an daina ƙera su, sai ga jama'a sun dawo nema. Shi ya sa 'yar gwanjon da a da ba a ko tayawa, yau ake faɗa maka kuɗinta ka riƙe baki.

Masu ita a nan yankin Illela, galibi gado suka yi ko kuma sun tsinta wurin masu kayan Beljiyam a Sakkwato ko Kano. Abin da suka fi yabawa kuwa shi ne filasha. Ta kyamara walƙiya ce ta gaske mai ƙarfi, ta waya kuwa 'yar tocila ce. A wurin kamu ko walima da daddare, an ɗauke wuta, janareto na tari, nan za ka ga bambanci: lallen amarya ya fito, aikin babbar riga ya fito zare-zare. Na biyu, tana zuƙo abu daga nesa da gilashinta na gaske. Ranar Lahadi a kasuwar Illela na tsaya can gefe na ɗauki raƙuma da shanu a kara, ba tare da na kutsa cikin dillalai ba, hoton kuma bai farfashe ba.

Akwai wani abu kuma da ban yi tsammani ba. Mutane suna tsayuwa daban a gaban kyamara. Tsohuwar da ke kawar da kai in an ɗaga waya, don ta san abin yana iya ƙarewa a intanet, sai ta gyara mayafi ta ce a ɗauka. Wataƙila tana tuna zamanin mai hoto da ke yawo gida-gida ranar Sallah.

To amma, 'yan uwa, kada daɗin ya ɗebe ku. Ni ma yayin ya ja ni na sayi tawa daga wani mai saye da sayarwa a intanet, da ya rantse lafiyarta ƙalau. Kuɗin da na tara don canza waya na zuba. Ta iso ba caja, batirin ya kumbura kamar gurasa. Sati uku ina neman irinsa. Nan ne matsalar farko: batiran kyamarori iri-iri ne, na wannan ba lallai ya shiga waccan ba, ko da kamfani ɗaya ne. Wanda ya samu mai cin batir AA, irin na tocila, ya huta, don ko a teburin mai shayi zai samu.

Sai katin memori. Wanda ke wayarka ba lallai ya yi ba. Tsofaffin Sony na kafin 2010 Memory Stick suke ɗauka, tsofaffin Olympus da Fujifilm kuma xD, dukansu sun yi wuya a kasuwa. Wasu ma masu ɗaukar SD, in sun girmi 2006, ba sa karanta katin da ya wuce giga 2. Ka sa mata mai giga 32 ta ce ba ta gani ba, ka ɗauka ta lalace alhali lafiyarta lau. Kuma yawancinsu ba su da Wi-Fi, sai ka sayi ɗan abin karanta kati da ake soka wa waya kafin hoto ya hau status.

Babban maƙiyinta a ƙasarmu dai ƙura ce. Idon kyamarar nan fitowa yake ya koma duk lokacin da aka kunna ko aka kashe, a kan wasu 'yan haƙoran roba siraran gaske. Yashi ƙwaya ɗaya ya shiga, shi ke nan, ido ya maƙale a waje. Tawa haka ta yi a watan Janairu, bayan na sa ta a aljihu tsirara na hau kabu-kabu daga Araba zuwa Illela cikin hazo. Masu gyaran waya biyu na kai wa, duk suka ce ba su taɓa buɗe irinta ba. Wani ya ba ni shawarar in bubbuga ta a tafin hannu. Kada ka yi. Ka samo mata 'yar jaka mai zif, ko da leda ce, kuma kada ka bar ta cikin but ɗin babur a zafin Afrilu, batirin ba ya jure wannan.

Wani gargaɗin na musamman ne ga mu 'yan bakin iyaka. Tsakaninmu da Birnin Ƙonni shingaye ne, da kwastan da jami'an shige da fice da sojoji. Tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da aka rufe boda har zuwa Maris 2024, hankalin kowa a tashe yake. Waya kowa na da ita, ba a kula ba. Kyamara kuwa tana jan ido, nan da nan a tambaye ka ɗan jarida ne kai ko wa ya aiko ka. Kusa da shinge, a bar ta a jaka. Haka kuma 'yan mata da matan aure a wurin biki: filasha ba ta ɓuya, ka nemi izini kafin ka danna, ka sake nema kafin ka ɗora.

In har za ka saya, kada ka biya sai ka riƙe ta a hannu. Kunna ta ka kashe sau biyar kana sauraron ƙarar idon. Ɗauki farin bango ka duba ko akwai ɗigo ko layi. Gwada filasha. Buɗe gidan batir ka leƙa ko ya yi tsatsa. Yawan megafiksel da mai kaya zai cika ka da shi kuwa, 7 ko 8 ma sun ishi Instagram.

Tawa har yanzu tana kan teburi da ido a waje. Ta kawu kuwa tana aiki, sai dai ƙanwata ta sa doka: ba aro sai tana wurin.