Abin da Ke Dusashe Hoton Ƙwallo a Talabijin

Duk wanda ya saba zama a gidan kallon ƙwallo ranar Asabar, a Kano ne ko Zariya ko Damagaram, ya san lokacin nan da ɗan wasa zai sheƙa da ƙwallo ta gefen fili, kyamara ta juya da sauri tana bin sa, sai ciyawa ta narke ta zama kore ɗaya marar zane, fuskokin 'yan kallo su rikiɗe su koma ƙananan murabba'ai, ƙwallon ma ta ɓace wa ido na ɗan ƙyaftawa. A nan ne ake yi wa mai gidan ca, wannan ya ce talabijin ta tsufa, wancan ya ce faranti ya goce, alhali kuwa galibi hukuncin an riga an yanke shi a wani ofishi mai nisa tun kafin alƙalin wasa ya busa usur.

Asalin al'amarin hisabi ne. Hoton da ake kira HD ɗigo-ɗigo ne, 1,920 a kwance, 1,080 a tsaye, wato sama da miliyan 2, ninki biyar ke nan na tsohon hoto mai 720 da 576. In an bar shi yadda ya fito daga kyamara, yana bukatar kusan megabit 1,500 a kowace daƙiƙa, amma tauraron ɗan'adam da ke tsaye kilomita 35,786 bisa doron ƙasa, kowace ƙofa daga ƙofofin da yake watsa sigina ta cikinsu 'yan gomomin megabit kaɗai take iya ɗauka, su ma tashoshi da dama ne ke raba su. Saboda haka wajibi ne a matse hoton fiye da ninki ɗari, kuma hikimar da masana suka fitar ita ce a aiko cikakken hoto guda, sa'an nan a riƙa aiko abin da ya sauya kaɗai, dikoda ta cike sauran daga abin da ta riga ta samu. Mai karanta labarai, wanda ke zaune gaban bangon da ba ya motsi, wannan dabara ta wadace shi ƙwarai. Ƙwallo kuwa ita ce jarrabawa mafi tsanani, domin idan kyamara ta juya babu abin da ya tsaya a muhallinsa, ga ciyawa mai tsirai bila adadin, ga dubban mutane suna tsalle da tutoci. In kason tashar bai isa ba, na'ura ba ta da mafita sai ta zubar da daki-dakin hoton, kuma abin da ta zubar ba ya dawowa ko da talabijin ta kai faɗin bango.

To, wa ke yanka kason? Kamfanin da ke sayar da tashoshin, wanda yake biyan haya mai tsada a kan tauraron, kuma ya san kowace tasha da ya ƙara cusawa riba ce gare shi, ko da daga rabon 'yan'uwanta aka gutsuro mata. A Amurka, inda ake kai talabijin gidaje ta wayar kebul, kuma kowane yanki ke da tashar wasanninsa, irin NESN ta Boston da aka buɗe a 1984 da YES ta New York a 2002, layi ɗaya na kebul yana ɗaukar kimanin megabit 38, kuma a 2008 masu kallo sun yi ƙorafi mai yawa da aka fara cusa tashoshin HD uku inda a da biyu ke zama. Wasa ɗaya daga fili ɗaya yakan fito garau a gidan wannan, ya fito dishi-dishi a gidan maƙwabcinsa, don kawai kowane kamfani ya sake matse shi bisa nasa ma'auni.

A wajenmu, abin da jama'a ke kira kebul mafi yawansa ba waya ba ce. DStv, mai ɗauke da SuperSport, ta tauraro take zuwa tun 1995, haka ma Canal+ da aka fi kallo a Nijar, su kuwa StarTimes da ta shigo Nijeriya a 2010 da GOtv a 2011 sun fara ne da turakun watsawa na ƙasa, inda wurin ya fi ƙunci. Illar damina daban take: ɗigon ruwa yana shanye siginar da ke saukowa daga tauraro, hoto ya daskare ko ya ɗauke ɗungurungum, kuma maganinta faranti mai faɗi da saiti mai kyau. Wannan kaɗai ce ke hannun mai gidan kallo.

Abin da ya fi damuna shi ne gasarmu ta gida. Wasan Firimiya na Ingila kyamarori ashirin ko fiye ke kewaye da shi, ƙarƙashin fitilun da aka auna haskensu domin talabijin, yayin da wasanninmu sau da yawa 'yan kyamarori ƙalilan ne ke ɗauka, da la'asar, rabin fili rana rabi inuwa, sa'an nan a tura hoton ta hanya mai rauni kafin ya isa tashar. Yaron da ya ga Kano Pillars cikin hazo, ya juya tasha ya ga Arsenal tamkar zai taɓa rigunansu, zai yanke wa ƙwallon ƙasarsa hukunci a kan laifin da ba na 'yan wasa ba, kuma lalle wannan zalunci ne gare su.

Malaman fiƙihu sun sharɗanta wa ciniki cewa abin sayarwa ya kasance sananne a siffarsa da gwargwadonsa, kuma harufan HD da ake liƙawa a kusurwar hoto adadin ɗigo kaɗai suke faɗi, ba su bayyana ko an cika mudu ko an tauye shi ba. Ina kira ga hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992 domin kula da kafafen watsa shirye-shirye a Nijeriya, da ta wajabta wa kowane kamfani ya wallafa megabit nawa yake bai wa kowace tashar wasanni, ta kuma sanya iyakar da ba a sauka ƙasa da ita ga wasannin gasar gida, domin mai biyan kuɗin wata ya san abin da ya saya.