Daga Tana Zuwa Tsargiya: Ƙananan Halittun Fadamarmu, Masu Amfani da Masu Cutarwa

Duk yaron da ya tashi a ƙasar Ikara, Maƙarfi ko Kudan ya san tana, ya san dodon koɗi, ya san matsattsaku, tun kafin ya ga hotonsu a littafin kimiyya na ƙaramar sakandare. Ya tono tana ya maƙala wa ƙugiya, ya tsinci katantanwa a bakin rafi ya yi wasa da ita, wataƙila ma an taɓa ba shi maganin tsutsar ciki. Abin da bai cika sani ba shi ne yadda waɗannan halittu suke rayuwa: me suke ci, ta ina suke numfashi, yaya suke hayayyafa, kuma ta wace ƙofa wasunsu ke shiga jikin mutum. A yankin da abincin jama'a ya rataya a kan fadama, rake, tumatur da noman rani, wannan sanin ya wuce na cin jarrabawa. Da shi ake raba yaro da fitsarin jini, da shi kuma manomi ke gane abin da ke cin saiwar shukarsa.

Su wane ne marasa ƙashin baya?

Masana sun kasa dabbobi gida biyu. Akwai masu ƙashin baya, irin su mutum, saniya, kaza, kifi, kwaɗo da maciji. Akwai kuma marasa ƙashin baya, su ne kuwa suka fi yawa nesa ba kusa ba, don sun haura kashi 90 cikin 100 na nau'o'in dabbobin da aka sani a duniya. Mafi sauƙin jiki a cikinsu suna zaune ne a teku, kamar soson teku, wanda ba shi da baki ba shi da ƙwaƙwalwa, sai dai ya maƙale a jikin dutse yana tace abinci daga ruwa. Mu da ba mu da teku, rukuni huɗu ne za mu duba a nan: tsutsotsi masu faɗi kamar tsila da tsutsar tsargiya, tsutsotsi masu mulmulallen jiki kamar macijin ciki da kurkunu, tsutsotsi masu gaɓa-gaɓa kamar tana da matsattsaku, sai masu laushin jiki da ke fakewa cikin ɓawo, wato dangin dodon koɗi.

Tana, ma'aikaciyar da ba a biya

Tana ba ta da ido, ba ta da huhu, ba ta da haƙori. Ta fatarta take numfashi, shi ya sa sai jikinta na da danshi take rayuwa, in rana ta busar da ita ta mutu. Da rani takan nutse can cikin ƙasa inda sauran laima take, da ruwa ya sauka ta hauro. Kowace tana ɗaya tana ɗauke da gaɓoɓin namiji da na mace a jikinta, amma duk da haka sai biyu sun haɗu ake samun ƙwai. Maganar da yara ke yi cewa in an raba tana biyu za ta zama tana biyu ba gaskiya ba ce. Ɓangaren kai ne kawai kan iya warkewa, na wutsiya mutuwa yake yi.

Abincinta ruɓaɓɓen ganye ne da taki, tana haɗiye su tare da ƙasa ta fitar da su a narke. Ƴan tulin ƙasar nan da ake gani a gona da sassafe cikin damina kashinta ne, kuma taki ne mai kyau. Ramukanta suna shigar da iska da ruwa zuwa saiwa. Masanin nan na Ingila, Charles Darwin, littafi guda ya rubuta a kan aikin tana a shekarar 1881. Gonar da ake zuba wa takin gida, ake barin karmami ya ruɓe a cikinta, tana tara tana. Wadda ake ƙonewa kowace shekara ana kuma zabga mata maganin feshi ba ƙa'ida, tana rasa ta, ƙasar ta dinga taurara.

Tsutsar da ke cin saiwar tumatur

Akwai wata tsutsa mai mulmulallen jiki da ido ba ya gani sai da madubin likita. Cikin ƙasa take, takan huda saiwar tumatur, tattasai, kuɓewa ko yalo ta zauna tana tsotso. Saiwar sai ta yi ƙulu-ƙulu, ruwa ya kasa hawa, shuka ta yi rawaya ta dinga yaushi da rana ko da an yi ban ruwa da safe. Manomi kan ɗauka rashin taki ne, ya ƙara kashe kuɗi a banza. A tuge shuka ɗaya a duba saiwarta. Amma a lura: ƙulluman da ke jikin saiwar wake, gyaɗa da waken suya masu amfani ne, su ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, kuma ana iya ɓalle su da yatsa don a gefe suke maƙale. Na tsutsa kuwa kumburi ne na saiwar kanta. Maganin farko shi ne sauya shuka: fegin da aka yi tumatur bana, a sa masa masara ko dawa baɗi, a ƙone saiwoyin da suka kamu, kada kuma a ɗauko dashe daga rainon da ya kamu. Malaman gona da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, suna da ƙarin shawara.

Tsargiya: tsakanin mutum, ruwa da dodon koɗi

Nan ne ya kamata kowa ya buɗe kunne. A ƙauyuka da yawa, in yaro namiji ya fara ganin jini a ƙarshen fitsarinsa, sai a ce balaga ce ta zo, ko a ce zafin rana ne. Ko ɗaya ba haka ba ne. Tsutsa ce mai faɗi, wadda wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ya gano a birnin Alƙahira na Masar a 1851.

Ga yadda take zagayawa. Mai ɗauke da cutar ya yi fitsari a kududdufi, rafi ko hanyar ban ruwa. Ƙwayayen da ke cikin fitsarin su ƙyanƙyashe, ƴaƴan su nemi wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa, wanda bai fi farcen yatsa girma ba, su shige jikinsa. In ba su same shi ba cikin ƙasa da kwana guda, sun mutu. In sun same shi, sai su yi ta ninkuwa a cikinsa, bayan mako huɗu zuwa shida su dinga fitowa dubbai, masu ƴar wutsiya mai baki biyu, suna iyo. Sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke tuɓe riga su faɗa ruwa. Ba sai an sha ruwan ba, ba kuma sai da rauni a jiki ba: lafiyayyar fata suke hudawa cikin ƴan mintuna. Daga nan su bi jini, su girma, namiji da mace su haɗu su zauna a jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara. Sukan yi shekara uku zuwa biyar a nan, macen tana zuba ɗaruruwan ƙwai kullum. Ƙwan da ke yage bangon mafitsara don ya fita shi ke kawo jinin. Wanda ya maƙale a ciki kuwa shi ke yin ɓarnar da ta fi muni.

In aka bar tsargiya, tana jawo ƙarancin jini, rama, kasala da rashin fahimtar karatu. Da tafiya ta yi nisa tana iya lalata ƙoda, tana iya kaiwa ga sankarar mafitsara. Ba ta bar mata ba: ƴan mata masu wanki da wanke-wanke a rafi suna kamuwa, kuma a jikinsu tana iya taɓa mahaifa, ta kawo ciwon mara, zubar jini, har da wahalar samun ciki, a yi ta maganin sanyi ba a dace ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 250 ne suka buƙaci maganinta a 2021, kusan kashi 90 cikin 100 a Afirka, kuma Najeriya na sahun gaba a yawan masu ɗauke da ita.

Maganinta ƙwaya ce mai suna farazikwantel, wadda ake rabawa kyauta a makarantu. A Jihar Kaduna ma'aikatar lafiya ce ke wannan aiki da tallafin ƙungiyar Sightsavers. Ana auna tsawon yaro da sanda a ba shi adadin da ya dace da shi. A tabbata ya ci abinci kafin ya sha, don kan kawo jiri ko murɗar ciki na ɗan lokaci. Sai dai maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne kawai. Yaron da ya sha yau, ya koma kududdufi gobe, ya sake ɗaukowa.

Wani dodon koɗin na ruwa shi ke rainon tsutsar hanta, wadda shanu da tumaki ke haɗiya tare da ciyawar fadama. Mahauta sun san ta sarai, don sau da yawa ita ke sa a zubar da hanta sukutum.

Macijin ciki, mai ƙugiya da tsila

A ƙasar da ake noman rake ana dafa mazarƙwaila, an saba jin iyaye na cewa zaƙi ne ke sa wa yara tsutsa. Zaƙi yana ɓata haƙori, amma ba ya haifar da tsutsa. Kowace tsutsa daga ƙwai take fitowa. Macen macijin ciki kan kai tsawon santimita 35, tana kuma iya zuba ƙwai har 200,000 a rana ɗaya. Ƙwan na fita cikin bayan gida, ya nuna a ƙasa, ya daɗe bai mutu ba. Yana komawa baki ta hannun da ba a wanke ba, ta latas da kabeji da aka ci ɗanye ba wanki, ta karan raken da aka ja a ƙasa aka ɓare da haƙori. Ba raken ne da laifi ba, dattin da ke bayansa ne.

Tsutsa mai ƙugiya kuwa ta tafin ƙafa take shiga, in an taka danshin ƙasar da aka yi bahaya a kai. Takan kai hanji ta kafa baki tana shan jini, shi ya sa take ɗashe yara da mata masu juna biyu. Tsila ita ba ta da baki ba ta da hanji, ta fata take tsotse abincin da mutum ya narkar, kuma tana iya kai mita biyar ko fiye. Daga naman shanun da bai dahu ba ake ɗaukar ta, tsire ko balangun da cikinsa ke da sauran ja. Saniyar ma daga bahayar mutum a makiyaya ta samo ta. Albendazol ko mebendazol na kashe macijin ciki da mai ƙugiya, tsila kuma maganinta daban ne, don haka a nemi ma'aikacin lafiya.

Darasin kurkunu

Wanda ke shakkar cewa sanin rayuwar tsutsa na iya kawar da ita, ya tambayi dattawa labarin kurkunu. Tsutsa ce mai kai tsawon mita guda, da ke fitowa a ƙafa shekara ɗaya bayan an sha ruwan tafki mai ɗauke da wani ɗan ƙwaron ruwa da ke rainon ƴaƴanta. Tana kwantar da magidanci a tsakiyar damina. A ƙidayar 1988 zuwa 1989 an samu mutum sama da 650,000 da ita a Najeriya. Ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyar burtsatse, da hana mai ita shiga tafki aka yaƙe ta, tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon suna bin gari-gari suna jan hankalin jama'a. An ga ta ƙarshe a Jihar Inugu a Nuwambar 2008, a Disambar 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da ita.

Abin da ya rage gare mu

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da mafi yawan waɗannan tsutsotsi ke bi ɗaya ce: fitsari da bayan gidan mutum su haɗu da ruwa ko ƙasar da wani zai taɓa. Toshe ta ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Kowane gida, makarantar boko, makarantar allo, kasuwa da tasha su samu masai mai murfi. Jihar Jigawa ta cimma matsayin daina bahaya a fili a 2022, ke nan abu ne mai yiwuwa. Kada a yi fitsari a rafi ko hanyar ban ruwa. Masu noman rani su sa takalmin roba mai tsawo. Ruwan kududdufin da za a yi wanka da shi, in babu wani, a tafasa shi ko a ajiye shi kwana biyu cikakku a rufe kafin a taɓa. A wanke hannu da sabulu bayan an fito masai da kafin cin abinci, a wanke rake da ganye da ruwa mai tsabta, a gasa nama ya gasu.

Malaman kimiyya, ku fitar da ɗalibai su ga tana a gona da ƙulluman saiwa da idonsu, ku zana musu zagayen tsargiya a allo har su iya bayyana shi da Hausa a gida. Ɗalibai, daga Malikanci zuwa Paki, daga Gimi zuwa Likoro, in kun ga jini a fitsari kada kunya ta sa ku ɓoye, ku faɗa wa iyaye ko malami. Iyaye kuma, ranar da aka zo rabon magani a makaranta, ku ciyar da yaranku ku tura su. Wanda alamar ta riga ta bayyana gare shi, babba ne ko yaro, namiji ko mace, a kai shi asibitin Ikara, Maƙarfi ko Hunƙuyi, ko ɗakin shan magani mafi kusa, a gwada fitsarinsa. Tsargiya tana warkewa, in an kama ta da wuri.