Birni da Zango: yadda aka tsara Damagaram don fatauci

Tsohon garin Damagaram kashi biyu ne. Birni shi ne mazaunin sarauta, wanda Sarki Tanimun ya ƙarfafa ganuwarsa a mulkinsa na 1851 zuwa 1884. Zango kuwa, a wajen ganuwa, masaukin ayarin Buzaye da fatake ne masu zirga-zirga tsakanin Kano, Agadas da Tarabulus. Wannan tsari ya ba baƙo wurin ciniki, ya bar wa fada tsaronta. Garin ya riƙe matsayin babban birnin Nijar har 1926. Yau wannan gado na cikin haɗari: a Satumban 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni. Ginin ƙasa ba ya jimrewa in ba a yi masa yaɓe kafin damina ba.