Kunya Da Tarbiyya: Wa Al'ada Ta Ɗora Wa Yi Wa Yara Maganar Aure?

Babu wata al'umma a doron ƙasa da ta bar sha'anin da ke tsakanin mace da namiji kara zube. Kowace tana da nata ƙa'idoji game da wanda ya dace ya nemi wance, da shekarun da ake aure, da abin da ake faɗa a fili da wanda ake rufewa. Sai dai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, domin abin da wasu ke ɗauka abin kunya, a wurin wasu shi ne mutunci.

Ba sai mun je nesa ba. A nan Nijar, lokacin bikin Gerewol na Fulani Woɗaaɓe, samari ne ke cin kwalliya su jera suna rawa, ƴan mata kuma su zaɓi wanda ya fi kyau. A wurin Abzinawa namiji ne ke rufe fuska da rawani, tanti kuwa na mace ne, idan aure ya mutu da abinta take tafiya. A Muritaniya har biki akan yi wa matar da aka saki, don jama'a su san ta fita daga hannun miji. Akasarin waɗannan mutane Musulmi ne kamar mu, al'ada ce ta bambanta mu.

Amma duk da wannan bambanci, akwai inda al'adun Afirka da dama suka haɗu. Uwa da uba ba su cika buɗe baki su yi wa ɗansu maganar balaga da kwanciyar aure ba, saboda haka sai al'ada ta naɗa wani ya yi a madadinsu.

Gwaggo a wasu ƙasashe

A ƙabilar Baganda ta ƙasar Yuganda, gwaggo, wadda suke kira senga, ita ke ɗaukar yarinya tun ta fara girma ta koya mata tsabtar jiki da zaman aure, yaro namiji kuma kawunsa ne ke jan sa gefe. Da zaman birni ya raba dangi, sai wasu mata suka mai da aikin senga sana'a, har da shirye-shirye a gidajen rediyo. A Zanzibar da sauran garuruwan Suwahili da ke bakin teku akwai bikin unyago, inda wata dattijuwa ta musamman ke yi wa budurwa wannan karatu kafin a kai ta ɗaki.

A Senegal kuwa gwamnati ce ta ga amfanin gwaggo, wadda Wolof ke kira bajjen. A shekarar 2009 aka ƙaddamar da shirin Bajenu Gox, ma'ana gwaggon unguwa, inda ake zaɓen mata masu mutunci a horar da su, su riƙa shiga gida gida suna magana kan awon ciki, haihuwa a asibiti da lafiyar jarirai. Turawan Holan sun bi wata hanya dabam: tun 2012 doka ta wajabta koyar da wannan fanni a makarantu, kuma suna cikin ƙasashen da ƴan mata ƙanana ba su cika haihuwa ba. Hanyarsu ba tamu ba ce, amma su ma ba su bar wurin babu kowa ba.

Mu Hausawa fa?

Mu mutane ne masu kunya, kuma muna alfahari da ita. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mace ba ta kiran sunan mijinta, suruki ba ya cin abinci gaban surukinsa. To amma kakanninmu da suka gina wannan katanga sun bar mata ƙofa. Kaka abokiyar wasa ce, tana kiran jikanta miji, jikanya kuma kishiya, cikin wannan raha take faɗa wa yarinya abin da uwa ba za ta iya ba. Ga gwaggo da inna, ga alwanka da ke wanke amarya, ga faɗan da tsofaffi ke yi mata daren kai ta gidan miji.

Haka nan a makarantar allo da ta zaure, duk wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi ko Risala ya ji babin haila, da na janaba, da na jinin biƙi daga bakin malam, ba tare da ɓoye-ɓoye ba. An kuma ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Madina saboda kunya ba ta hana su tambaya kan addininsu ba.

Yau wannan ƙofa tana neman rufewa. Kaka tana ƙauye, jikoki suna Maraɗi ko Yamai a gidan haya. Gwaggo sai ranar biki ake ganinta. Katangar kunya tana nan yadda take, amma masu maganar sun watse, sai ƙawaye da wayar salula suka maye gurbinsu. Mu da ke aiki a gidajen rediyon karkara muna ganin alamar haka a cikin saƙonnin da ke zuwa mana babu suna, tambayoyi ne waɗanda a da kaka ke amsawa a bakin murhu.

Abin da shiru ke jawowa

Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18, kashi 28 kuma kafin 15. Yarinyar da aka kai ɗaki a waɗannan shekaru, idan ba wanda ya zauna da ita, ba ta san alamun haɗari a cikin ciki ba, kuma kunyar cikin fari kan sa ta ɓoye naƙuda har ta yi tsawo. Doguwar naƙuda ita ce babbar hanyar kamuwa da yoyon fitsari, ciwon da ke raba mace da miji da kuma shiga jama'a. Samari kuwa sun fi kowa zama marayu a nan, domin ango dabarun sayen baki kawai abokai ke koya masa, ba haƙuri da tausayin yarinyar da aka kawo masa ba.

Ba mu rasa abin koyi a gida ba. A jihar Damagaram, tun wajen 2008, aka fara shirin Makarantar Mazaje tare da tallafin hukumar UNFPA, inda magidanta ke zama suna tattauna lafiyar matansu, daga baya shirin ya bazu zuwa sauran jihohi har da ƙasashe maƙwabta. Ya karɓu ne saboda an bi ta hannun sarakuna da malamai, kuma maza ne ke yi wa ƴan'uwansu maza magana.

Saboda haka ba muna kira a yar da kunya ba ne. Kiranmu shi ne kowane gida ya san wa ya ɗora wa wannan amana. Uwar da nauyi ya hana ta magana ta aika ƴarta hutu wurin gwaggo ko inna, uba ya haɗa ɗansa da kawu ko malamin da ya amince da shi, tun kafin a sa ranar aure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuri'a, amin.