Matsalar Buɗe Maƙalar da Aka Turo ta Imel: Daga Haɗeja zuwa "Ha]eja"

Manazarcin da ya tattaro waƙoƙin masunta a fadamar Haɗeja zuwa Nguru yakan turo aikinsa maƙale da saƙon imel, edita kuwa ya kasa buɗe shi. Sau da yawa dalilin ba mai zurfi ba ne. Ko dai intanet ta yanke kafin fayil ya gama sauka, ko manhajar mai karɓa ta girmi tsarin .docx da ya zo da Word 2007, ko kuma muryar da aka naɗa ta haura megabait 25 da Gmail ke ɗauka. Sake saukewa, sabunta manhaja ko aikawa ta Google Drive kan wadatar.

Wadda ta fi damun fagen nazarin Hausa ita ce ta fayil da ya buɗu amma ya ƙi karantuwa. Tsofaffin fon irin su Rabi'at sun ɗora haruffa masu lanƙwasa a kan wasu alamomi na allon bugu. Idan kwamfutar edita ba ta da fon ɗin, sai Haɗeja ta koma Ha]eja, ƙasa ta zama }asa. Editan da ya yi gyaran gaggawa yana iya mayar da ita kasa, ma'ana ta sauya ke nan.

A ganinmu, a riƙa bugawa da Unicode, inda ƙ ke da lambarta ta dindindin, U+0199, ɗ kuma U+0257, sannan a haɗa da kwafin PDF domin edita ya gwada su.